Waifa ta tsaya? Ka ji ta bakinta kafin ka taɓa aljihu

Wata Asabar da yamma, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, sai ga wani Alhaji ya tsaya a bakin rumfata a nan Ringim. Motar tasa irin ta Turawan nan ce mai gado da murhu a ciki, 'yar Kwatano. Da na leƙa gabanta, ashe J5 ce aka ɗora wa ɗaki, 'yar'uwar masu kai tumatir Kudu. Ya ce, "Malam, injin waifa ya mutu, sabo za a sa." Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri mu saurare ta tukuna."

Da kunne nake farawa kullum. Murɗa makulli kar ka ta da mota, kunna waifa, ka kara kunne a gindin gilashi. In ka ji gurnani amma hannuwan ba su motsa ba, wuta lafiya lau. Ko dai notin da ke riƙe hannun ya kwance har haƙoran suka cinye, ko robar da ke haɗa sandunan ciki ta fice. Aikin sifana ne, ba na kuɗi ba.

In ka ji shiru, sai fis. A nan waɗannan motocin ke ruɗa mutane, don batir biyu gare su: na inji, da na ɗaki mai ba fitilu da famfon ruwa wuta. Waifa daga na inji take sha, saboda haka akwatin fis na ita kanta motar za ka buɗe, ba na ɗakin ba. Ka mayar da mai lamba daidai da wanda ya ƙone. In sabon ma ya ƙone nan take, don Allah kar ka naɗa masa waya ko takardar sigari, na sha ganin wayoyi sun narke ta haka. Mai yiwuwa wani abu ne ya cije. Mu nan wata bakwai mota kan yi ba a taɓa waifa ba, ƙurar hunturu ta haɗu da tsohon giris ta daskare a gindin hannuwan, zafin bazara kuma ya manne robar a gilashi. Ɗaga hannuwan, wanke gindin, sa sabon giris.

Fis na nan garau? Ɗauko fitilar gwaji ta volt 12, zare soket ɗin injin waifar, ka taɓa. In ta kama, wuta na isowa, sai ka kankare tsatsar inda wayar as, wato mai mayar da wuta, ta kama jikin mota. Har yanzu shiru, ka mayar da soket, ka ɗan ƙwanƙwasa injin waifar da gindin sifana. In ya farka, burushin ciki ya ƙare, kuma ana canza shi. In fitilar ba ta kama ba, bi waya baya zuwa makunnin da ke jikin sitiyari.

Ta Alhaji a nan ta tsaya. Tun kaka motar na ajiye kusa da rumbu, ɓera ya yi sheƙa a bayan dashbod da ɓawon gyaɗa, ya gutsure waya ɗaya. Na haɗa, na naɗe da tef, waifa ta share gilashi daidai lokacin da aka fara yayyafi. Alhaji ya miƙo kuɗin aiki, ya tambaye ni inda ake sayar da tarko.