Yadda Ake Sake Koyon Sauraron Jiki Yayin Murmurewa Daga Cutar Rikicewar Cin Abinci

Wanda ya daɗe yana fama da cutar rikicewar cin abinci, ko anoreksiya ce mai sa mutum ya hana kansa abinci, ko bulimiya mai sa a ci da yawa sannan a tilasta amai, saƙonnin da jikinsa ke aiko masa sun riga sun hargitse. Yunwa ba ta zuwa a kan lokaci, loma biyar kan sa ciki ya cika dam, kuma fargaba da ƙoshi sukan cakuɗe har ya kasa bambance su. Shi ya sa shawarar nan ta “ka ci idan ka ji yunwa” ba ta da amfani a farkon jinya, tana ma iya jawo koma-baya.

Da farko, agogo ne zai ja ragama. Tsarin jinyar da Farfesa Christopher Fairburn na Jami'ar Oxford ya samar ya tanadi cin abinci sau 3 a rana, da ɗan abin taɓawa sau 2 ko 3 a tsakani, ba tare da tazarar ta wuce kamar awa 4 ba, ko an ji yunwa ko ba a ji ba. Kumburin cikin da ke biyo baya gaskiya ne, domin doguwar yunwa tana rage saurin da tumbi ke tura abinci zuwa hanji, kuma yakan lafa ne a hankali idan aka dage da ci a kai a kai.

Wahalar ta fi tsanani a cikin awa guda bayan an ajiye cokali, kuma a ganina nan ne ya kamata a fi zuba ƙoƙari. A ɗauki misalin budurwar da ta gama cin tuwo da ƙyar, zuciyarta na dukan uku-uku, idonta na kan ƙofar bayi. Abin da za ta fara yi shi ne ta sassauta ɗaurin zaninta, saboda matsin tufa a ƙugu yana ƙara wa ƙwaƙwalwa zaton cewa jiki ya kumbura. Sai ta zauna ta jingina da bango, ta dasa tafin ƙafafunta a kan tabarma har ta ji saƙarta, ta ɗora gorar ruwa mai ɗumi a ciki da bargo mai nauyi a cinya. Daga nan ta shaƙi numfashi tana ƙirga 4, ta fitar da shi sannu a hankali tana ƙirga 6, domin tsawaita fitar numfashi yana sassauta bugun zuciya. Hannu ma a ba shi aiki, ko jan carbi ko saƙa, kuma a samu 'yar'uwa ko uwa ta zauna da ita na aƙalla minti 30, ana hirar da ba ta shafi abinci ko ƙiba ba.

Akwai dabarar da ake yawan yabawa wadda dole a yi hattara da ita, wato tsoma fuska cikin ruwan sanyi. Tana cikin darussan Marsha Linehan, masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Amurka, na shawo kan tashin hankali, kuma tana aiki ne ta hanyar rage bugun zuciya nan take. To amma mai anoreksiya sau da yawa bugun zuciyarsa ya riga ya yi ƙasa, mai yawan amai kuma gishirin jininsa kan rikice, don haka kada a gwada ta sai da izinin likita.

Wurin cin abincin shi ma a duba shi. Hayaniya, ƙaurin girki, ko yauƙin miyar kuɓewa na iya hana wasu ci, musamman masu larurar otizim (wadda ke shafar mu'amala da mutane da yadda ake jin sauti, ƙamshi da taɓawa) da masu cutar ƙyamar wasu nau'ukan abinci, wadda likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sanya a kundinsu na cututtuka a 2013. A kashe talabijin, a buɗe taga, kuma a zuba wa majinyaci rabonsa a kwanonsa daban, tunda cin tarayya a faranti ɗaya yana ɓoye yawan abin da ya ci, yana kuma sa ya ji idanu sun yi masa yawa.

Sai an samu wannan natsuwa ake shiga aikin sauraron jiki, kuma ana farawa ne daga gaɓoɓin da ba sa tayar da hankali, kamar tafin ƙafa da hannu, a bar ciki da cinya sai daga baya. Minti 2 sun isa. A kira abin da aka ji da sunansa kawai: ɗumi, sanyi, nauyi, matsi. A riƙa rubuta ƙarfin yunwa da na fargaba daga 0 zuwa 10 kafin ci da bayansa, domin da tafiya ta yi tafiya za a fara ganin inda suka rabu. Idan tunanin “na yi ƙiba” ya taso, a tambayi kai abin da ke ƙarƙashinsa, ko zafin gari ne, ko gajiya, ko kunya, ko wata magana da aka faɗa da safe. Wannan ya sha bamban da tsayuwa gaban madubi, da tsungular tumbi, da hawa sikeli, waɗanda duk bincike ne daga waje da ke ƙara rura wutar cutar. Wanda ya taɓa fuskantar cin zarafi kuwa, ya bar idonsa a buɗe, kuma ya dakata da zarar hankalinsa ya fara tashi.

Duk waɗannan dabaru suna tafiya ne tare da kulawar likita. Wanda ya rame ƙwarai bai kamata a ƙara masa abinci farat ɗaya a gida ba, saboda sinadarin fosfet na jininsa na iya faɗuwa har zuciya ta shiga haɗari. Suma, ciwon ƙirji ko jini a cikin amai abin garzayawa asibiti ne a ranar. Idan kuma watan Ramadan ya ƙarato, a tattauna da likita da malami tun kafin a ga wata, domin azumi yana rushe tsarin ci na awa 4, kuma Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwamen ya rama a wasu kwanaki.