Ku sa wa kaza ƙwan zabi ta yi muku kwanci

Jama'a masu kiwon gida, idan kuna son zabi su yawaita ba tare da sayen injin ƙyanƙyasa ba, ku sa ƙwansu ƙarƙashin kazar Hausa da ta fara kwanci.

Zabuwa tana zuba ƙwai da yawa da damina, amma ba ta da haƙurin zama a kansa, kuma sau da yawa can cikin ciyawa take ɓoye shi. Kaza kuwa takan rufe ƙwai 12 zuwa 15, ta ƙyanƙyashe, ta riƙe 'ya'yan kamar nata.

Inda ake asara shi ne haɗa ƙwan kaza da na zabi rana ɗaya. Na kaza kwana 21 yake yi, na zabi kuma kusan 28, saboda haka da ta ga 'yan tsakinta sai ta tashi ta bar sauran su huce. Ku fara sa na zabi da mako guda, ku yi masa alama da gawayi.

Ku nemi ƙwan wurin maƙwabcin da ke da zabo namiji, domin na kasuwa ya sha ranar Sakkwato da jijjigar hanya. Bayan ƙyanƙyasa kuma, kada ku sake su da sassafe, raɓa tana kashe 'ya'yan zabi.