Yadda malamin wucin gadi zai nemi a daidaita masa biya a kwalejin gwamnati

Malamin da ake biya bisa yawan darussan da ya koyar, ko a Argungu yake ko a Dakingari a jihar Kebbi, yakan shiga aji ɗaya da malamin dindindin, ya duba takardun jarrabawa masu yawa kamar nasa, amma abin da ke shiga hannunsa bai kai rabin wahalarsa ba. Idan kana cikin wannan hali, ka fara da takarda kafin ka fara da baki.

Ka ajiye takardar ɗaukarka aiki, da jadawalin darasi mai sa hannun shugaban sashe, da jerin sunayen ɗalibai, da shaidar banki ta kowane biya. Daga nan ka ƙidaya awoyin da ka yi a zangon karatu guda, har da na shirya darasi da ba da maki, domin a nan ne aka fi tauye mutane: ana biyan awar tsayuwa a aji, a manta da daren da aka raba ana duba takardu. Ka raba kuɗinka da awoyin, ka kwatanta da na malami mai irin takardunka a CONPCASS, wato tsarin albashin malaman kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha.

Sai ka rubuta wa magatakardar kwaleji ta hannun shugaban sashenka, cikin ladabi, da alƙaluma, kuma a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. A ganina gara ku haɗu ku da yawa ku sa hannu, saboda mutum ɗaya yana da sauƙin sallama idan zango ya ƙare. Ku kuma tuntuɓi reshen COEASU (ƙungiyar malaman kwalejojin ilimi) ko ASUP (ƙungiyar malaman kwalejojin kimiyya da fasaha), ko da ba ku cikin mambobinsu.

In an yi shiru, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a a Birnin Kebbi, wadda ba ta karɓar kuɗi, sai dai ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu. Sashe na 17 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci biya ɗaya ga aiki ɗaya, amma yana cikin babin manufofin ƙasa, wanda ba ya isa hujjar shigar da ƙara a kotu shi kaɗai. Ƙarfin yana sashe na 254C, wanda ya bai wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron rashin adalci a wurin aiki. Ka ga lauya da wuri, da takardunka a jere, tun kafin jinkiri ya zama hujja a kanka.