Kurakuran da aka fi yi wajen duba agogon uwar garke idan an taƙaita maka izini

Na gaji da ganin sababbin shiga suna maimaita abu ɗaya. An ba mutum asusu mai ƙaramin izini, an ce ya duba ko agogon uwar garke (server, kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) daidai yake, sai ya dawo da amsar da ba ta da tushe, ko ya ɓata abin da ya tarar lafiya lau.

Babban kuskuren shi ne a aike ka dubawa ka ɓige da gyara. Wannan ya taɓa cina. Na shiga wata uwar garke, na buga umarnin `date` mai nuna lokaci, na ga tana baya da awa guda cif. Cikin 'yan umarnin da aka yarje mini da sudo, wato in gudanar da su da ikon babban mai kula, akwai `date`, don haka ban tsaya tunani ba na tura ta gaba da `date -s`. Ashe agogon lafiyarsa ƙalau: lokacin UTC, wato lokacin bai ɗaya na duniya, yake nunawa, ni kuma na shiyyata nake kallo. Kerberos, tsarin da ke tantance masu shiga, a saitinsa na asali ba ya yafe bambancin da ya wuce minti 5, nan take ya fara korar kowa. Ina fita ni ma ƙofa ta rufu a kaina, aikin mutane ya tsaya cik har aka samo mai ikon shiga na'urar kai tsaye. Garin neman gira aka rasa ido. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci.

Tun ranar `date -u`, mai nuna lokacin UTC, nake bugawa a kwamfutata da uwar garken, ko `date +%s`, mai ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairun 1970, ba ruwansa da shiyya. Idan bambancin ya zo cif awa guda ko rabin awa, fara zargin shiyya kafin agogo. Kuma `ntpdate`, umarnin da ke ɗauko lokaci daga wata na'ura, ba tare da `-q` ba, idan kana da izini, canza lokacin zai yi, ba tambaya kawai ba.

Na biyu shi ne ƙwanƙwasa ƙofofin da aka rufe. NTP, tsarin daidaita agogo ta hanyar sadarwa, yana bin ƙofa (port) ta 123 ta UDP, katangar tsaro kuma sau da yawa tana toshe ta. Mutum ya ji shiru, sai ya gwada ta 13, ya gwada ta 37, tsofaffin ƙofofin tambayar lokaci, daga nan ya saki nmap, manhajar laluben ƙofofi, a kan na'urar gaba ɗaya. Haba ɗan'uwa! Wa ya aike ka? Masu tsaro ba su ganin niyyarka, abin da suke gani shi ne wani yana lalube kamar ɓarawo, kuma suna da gaskiya idan suka rufe asusunka. Bi ta ƙofar da aka ba ka. Idan SSH, hanyar shiga na'ura daga nesa, aka ba ka, `timedatectl` da `chronyc tracking` ba sa buƙatar izinin root, wato babban asusu mai cikakken iko, na biyun ma zai faɗa maka nisan da agogon ya zame. Idan HTTPS, ƙofar shafukan yanar gizo, kaɗai ke buɗe, buga `curl -sI` ka karanta layin Date, lokacin GMT ne. Sai dai iyakarsa daƙiƙa, kuma idan akwai na'urar da ke tsakani, wataƙila agogonta ka karanta. Ka ga layin Age, ajiyayyar amsa ce aka miƙo maka, lokacin da ke cikinta ba lallai na yanzu ba ne. Rumbun bayanai kawai kake iya taɓawa, `SELECT now()` ya wadatar.

Akwai kuma mantawa da lokacin da saƙo ke ɗauka a hanya. Ni dai al'adata, na buɗe haɗin tukuna, na ɗauki lokacina kafin tambaya da bayanta, na kwatanta amsar da tsakiyarsu, sau 3. Wasu na ganin wahala ce, ni ba na bari.

Agogonka fa, wa ya tabbatar da shi? Duba shi kafin ka auna na wani da shi.

Cikin kwantenar Docker, keɓaɓɓen wurin gudanar da manhaja, agogon na'urar da ke ɗauke da ita kake gani, shiyya ce kawai za ta iya bambanta. `hwclock` wani agogo ne daban, na jikin na'ura, kuma yana son root. A Windows, `w32tm /stripchart` shi ma ta 123 yake bi, idan an toshe ba zai amsa ba.

Idan ka tabbatar agogon ya zame, kada ka taɓa shi. Tura wa mai kula da na'urar umarnin da ka buga, lokutan biyu a UTC, da yawan daƙiƙoƙin da ke tsakaninsu.