Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Zaɓen Kafireta da Saita Ta a Manyan Babura

Yawancin manyan baburan da ake gani a titunan Kaduna, daga Ahmadu Bello Way zuwa Barnawa da Malali, na hannu ne waɗanda suka ci shekaru a Turai ko Amurka ko Japan kafin su iso mana, kuma da yawansu an ƙera su tun kafin injekta ta mamaye kasuwa ta maye gurbin kafireta, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga injin. Kamfanin Harley-Davidson bai rabu da kafireta gaba ɗaya ba sai a 2007, Kawasaki KLR650 kuwa ya ci gaba da fitowa da ita har 2018. Don haka mai irin wannan babur, ko ba daɗe ko ba jima, sai ya zauna a kan bencin bakanike ana maganar kafireta, ko dai don ta lalace, ko don ya ji ana cewa sabuwa tana ƙara gudu. Abin da na lura da shi a irin wannan zama shi ne, kowace cuta ta babur kafireta ake ɗora wa, a cikin kafiretar ma babban jet, ɗan ƙarfe mai rami da ke auna yawan fetur ɗin da ke wucewa, shi kaɗai ake taɓawa, alhali shi ne ɓangaren da babur ya fi ƙarancin amfani da shi a cikin gari.

Kuskuren farko tun a wurin saye yake faruwa, lokacin da mutum ya ɗauka cewa mai faɗin baki ita ce mai ƙarfi. Kafireta ba ta tura fetur da kanta. Iskar da fistin ke zuƙa ce take ratsawa ta ƙuntataccen maƙogwaro, saurinta ya ƙaru, wannan saurin ya janyo fetur daga cikin kofi ya warwatsa shi kamar feshi. Idan maƙogwaron ya fi ƙarfin injin, iska za ta ratsa a sanyaye, fetur ya fito ɗigo-ɗigo bai gauraya ba, sai babur ya riƙa shaƙewa duk lokacin da aka murɗa totur daga ƙasa, wato daidai inda ake bukatarsa a cunkoson Kasuwar Barci ko shataletalen Kawo. Ma'aunin da ya kamata a duba shi ne girman silinda guda, ba jimlar injin ba. Suzuki Bandit 1200 yana da silinda 4, kowace ba ta kai cc 300 ba, kuma kafireta mai milimita 36 kamfani ya sa wa kowace. DR650 mai silinda guda ta cc 644 yana aiki da mai milimita 40. Ga Harley mai injin cc 1340 ko 1450 wanda ba a taɓa cikinsa ba, Mikuni HSR42 ko S&S Super E sun wadatar, su kuwa HSR45 da Super G an yi su ne don injinan da aka ƙara wa girma, aka canza musu kamshaf, aka buɗe musu hanyoyin iska. Wanda ya riga ya sayi babba fiye da kima, gaskiyar magana ita ce babu wasan jet ɗin da zai warkar da ita sarai, ya fi masa sauƙi ya sayar ya nemi daidai da injinsa.

Akwai kuma rashin sanin irin kafiretar da ake saya. Wadda mafi yawan manyan babura masu kafireta ke zuwa da ita, ana rubuta ta CV, tana da faifan roba a samanta, kuma zuƙar injin ce ke ɗaga ƙyauren iskarta, wanda bakanikai ke kira fistin ɗin kafireta. Ko ka murɗe totur gaba ɗaya, ƙyauren ba zai tashi ba sai gwargwadon abin da injin zai iya haɗiyewa, shi ya sa take yafe wa mai gaggawar hannu. Irin su Keihin FCR da Mikuni TM40 da HSR kuwa, wayar totur ce ke ɗaga ƙyauren kai tsaye, amsawarsu nan take ce, amma suna dogara da ɗan famfon da ke watsa fetur a daidai lokacin buɗewa don cike giɓin. Idan famfon ya makara, babur ya yi tari. Idan ya yi yawa, ya jiƙa fulogi. Mai hawa daga gida zuwa ofis wanda ba ya shirin koyon wannan saiti, sau da yawa ya fi cin riba idan ya gyara CV ɗinsa, ya sa mata sabuwar roba da sabbin zobba. A kuma kula da jabu, domin kwaikwayon FCR da HSR ya cika kasuwannin intanet a kan kuɗin da bai kai rabin na asali ba, lambobin da ke jikin jet ɗinsu ba sa yin daidai da ramukansu, saitin yau ba ya kai gobe.

Kafin a taɓa ko da sukuru ɗaya, wajibi ne a tabbatar injin kansa lafiyayye ne, kuma nan ne ake yawan yin tuya a manta da albasa. Bawul ɗin da ya matse, fulogin da ya gaji, taimin da ya goce, ringin da ya cinye, duk suna ba da alamomi irin na kafireta maras saiti. Mafi yaudara a cikinsu ita ce robar da ke haɗa kafireta da kan injin, wadda zafin rana da tsufa ke tsattsagawa. Iska tana shiga ta tsagar ba tare da ta ɗauko fetur ba, silo, wato aikin injin ba tare da an murɗa totur ba, ya ƙi sauka bayan an saki totur, bakanike ya ƙara girman jet don ya rufe matsalar, a ƙarshe babur ya zama mai shan mai a sama, mai yunwa a ƙasa. Gwajin ba shi da wuya: a bar injin a silo, a fesa ɗan maganin wanke kafireta a kewayen robar, nesa da salansa mai zafi, in sautin injin ya canza to akwai yoyo. Haka ma harbin da salansa ke yi idan an saki totur, ba kullum ƙarancin mai ke jawo shi ba, sau tari gasket ɗin bakin salansa ne ya ƙone.

Daga nan sai tsayin fulot, abin da ke yawo a saman mai a cikin kofin kafireta, wanda shi ne ke yanke yawan man da ke kwance a kofi. Duk sauran saiti a kansa yake tsaye, domin man da ya hau sama fiye da ƙa'ida zai sa kowane mataki ya yi kitse, wato mai ya yi yawa a gaurayen, wanda ya yi ƙasa kuma ya sa kowane mataki ya rame, wato mai ya yi kaɗan. Ana auna shi da ma'auni bisa adadin da kamfani ya rubuta, ba da ƙiyasin ido ba.

Yanzu ga zuciyar maganar. Kafireta hanyoyi ne da dama a jiki ɗaya, kuma abin da ke yanke wace hanya ke aiki shi ne yadda aka buɗe totur, ba gudun babur ko ƙarar injin ba. Daga silo zuwa kusan rubu'in totur, ƙaramin jet ne da sukurunsa ke ciyar da injin. Daga rubu'i zuwa kashi uku cikin huɗu, aikin allura ne da ramin da take hawa da sauka a ciki. Babban jet ba ya karɓar ragama sai daga nan zuwa ƙarshe. To mutumin da baburinsa ke tangal-tangal a tafiyar kilomita 60 cikin awa, totur a ɗan buɗe, idan ya canza babban jet sau goma ma ba abin da zai gani sai asarar kuɗi. Dabarar da nake ba kowa ita ce ya manna farin tef a jikin hannun totur, ya zana alamar rubu'i da rabi da kashi uku da cikakke, ya hau ya lura a kan wace alama matsalar ke fitowa. Idan a tsakiya take, zoben allura ake matsarwa, kuma a nan mutane ke juya lissafi: saukar da zoben zuwa tsagar ƙasa yana ɗaga allura ya ƙara mai, hawar da shi sama yana rage mai. Don sanin ko yunwa ce ko ƙoshi, a ɗan ja cok, wanda ke ƙara mai a gaurayen, a daidai inda babur ke gardama. In ya gyaru, mai ne ya yi kaɗan, in ya ƙara lalacewa, ya yi yawa. Babban jet kuma ana gwada shi a buɗaɗɗen titi marar jama'a, da hular kwano a kai, a giya ta sama: a buɗe totur duka, sannan a ɗan sassauta kaɗan, in babur ya ƙara ja a wannan sassautawar to jet ɗin ya yi ƙanƙanta. Ka'idar da ba a karya ta ita ce a canza abu ɗaya, mataki ɗaya, a gwada da injin da ya yi zafi sosai, a rubuta a takarda. Na sha jin mai babur yana cewa, "Oga, a canza komai yau kawai, gobe ina da tafiya Zariya," kuma irin wannan aikin ne ke dawowa gareji a kan kura.

Sukurun silo ma iri biyu ne, kuma suna aiki akasin juna. Wanda ke ɓangaren injin, mai yake sarrafawa, kwance shi yana ƙara mai. Wanda ke ɓangaren matatar iska, iska yake sarrafawa, kwance shi yana rage ƙarfin mai a cikin gaurayen. Ana rufe shi a hankali ba tare da matsewa ba, don tsininsa yana karyewa, sannan a ƙirga zagayen kwancewa har silo ya kai mafi tsayi da santsi. Idan sukurun mai ya nemi fiye da zagaye 3, ƙaramin jet ɗin ne ya yi kaɗan, a canza shi. Lambar jet ɗin Keihin kuma ba ita ce ta Mikuni ba, ko da adadin ya zo ɗaya. Sai al'adar zura wayar birki ko allurar ɗinki a ramin jet da sunan wanki: jet tagulla ce mai taushi, ramin ya faɗaɗa ke nan har abada. Maganin wanki da iskar kwamfuresa sun isa.

Yanayin garinmu yana da nasa hukunci. Injin fetur yana ƙone mai tsaf ne idan nauyin iska ya ninka na mai sau 14.7, amma ƙarfi mafi yawa yana wajen 12.5 zuwa 13, kuma nauyin iska ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kaduna tana kimanin mita 600 sama da teku, Jos ta haura mita 1,200, don haka baburin da aka saita a Legas zai ɗan yi kitse a nan, ya ƙara yi a kan tsaunukan Filato. Zafin Afrilu yana sa iska ta yi shara-shara, sanyin asubahin Janairu kuma ya sa ta yi nauyi. Wanda ya matse mai har iyaka a bazara don tsimin fetur, abin da ya yawaita tun bayan cire tallafi a 2023, zai tarar da injin yana yunwa da hunturu, kuma a injin da iska ke sanyayawa yunwa tana nufin zafin da ke ƙona bawul ko huda fistin. Baƙin fulogi ana gogewa a ci gaba da tafiya, farin fulogi mai ƙyalli kuwa gargaɗi ne. A bar saiti ya ɗan karkata wajen ƙoshi.

Ƙurar hunturu ita ce dalilin da ya sa nake adawa da cire akwatin matatar iska a sa ƙananan matatai tsirara, balle barin baki a buɗe don ƙara. CV an ƙera ta ne da lissafin wannan akwati, in an cire shi ƙyauren ya rasa natsuwa a tsakiyar totur, ƙurar kuma tana cin allura da ringi kamar sanfefa. Idan dole sai an canza matata ko salansa, a gama canza su duka sannan a saita jet, ba a saita a dawo a canza ba. Man 'yan bumburutu da ya kwana a jarka, ko tankin da ya yi tsatsa da damina, su ma suna toshe ƙaramin jet cikin mako guda, don haka a sa matatar mai mai wadataccen faɗi, a tabbatar famfon tanki yana zubo da isasshe, in ba haka ba kofi zai ƙafe a doguwar tafiya a zaci babban jet ne.

A injin mai kafireta biyu ko huɗu, aikin bai kammala ba sai an daidaita zuƙarsu da agogon awo, domin kunne ba ya iya raba silinda huɗu. Bayan an ɗaure komai, musamman a kan FCR da HSR waɗanda ya kamata a sa musu waya biyu, ta buɗewa da ta rufewa, a tayar da injin a tsaye, a juya kan babur zuwa dama har ƙarshe, a juya hagu har ƙarshe. Idan silo ya tashi da kansa a kowane ɓangare, wayar ta ɗame, a sake bi da ita ta wata hanya kafin taya ta taka titi.