Yadda Ake Ƙiyasta Yawan Jama'a Daƙiƙa Bayan Daƙiƙa

Agogon nan na intanet mai nuna yawan jama'a da alƙalumansa ke ta hauhawa ba dare ba rana, ba jarirai yake ƙirgawa a ɗakunan haihuwa ba. Lissafi ne da kowa zai iya yi da biro da takarda, muddin ya bi matakan da suka dace.

Da farko, a nemi tubalin da za a ɗora ginin a kai, wato adadin jama'a tare da ranar da aka tabbatar da shi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 15 ga Nuwamba, 2022 a matsayin ranar da mutanen duniya suka cika biliyan 8. Idan kuwa ƙasa guda ake magana, sai a koma ga ƙidayarta ta ƙarshe, kamar ta Nijar a 2012 da ta ba da miliyan 17 da ɗoriya.

Daga nan sai a cire mace-macen shekara daga haihuwar shekara. A ƙiyasin Majalisar, ana haifar kimanin jarirai miliyan 132 a duniya a shekara, mutum miliyan 62 kuma su riga mu gidan gaskiya, ƙarin ya tashi miliyan 70 ke nan. A lissafin ƙasa dole a haɗa da baƙin da suka shigo, a cire waɗanda suka yi ƙaura.

Mataki na uku shi ne a raba wannan ƙari da daƙiƙoƙin shekara, wato sakan 31,536,000, abin da zai ba da mutum biyu da 'yan kai a kowace daƙiƙa. Sai a ninka shi da daƙiƙoƙin da suka shuɗe tun ranar tushe, a tara da adadin farko.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsufan tushen, kuma a ganina nan ya kamata mai lissafi ya fi yin hattara. Nijeriya ba ta sake ƙidaya ba tun 2006, lokacin da aka samu miliyan 140, ta 2023 ma ɗage ta aka yi. Wanda ya riƙe ƙaruwar kashi 3.2 cikin ɗari da aka fitar a wancan lokaci zai ga jama'a sun ninka, sun doshi miliyan 280 a 2028, alhali Majalisar ta ƙiyasta kimanin miliyan 230 ne a 2024. Saboda haka a riƙa sabunta adadin haihuwa da mutuwa duk shekara, domin da waɗannan alƙaluma ake tsara yawan azuzuwa da alluran riga-kafi.