Yadda ɗan talaka zai shiga sana'ar ɗaukar hoto a Sakkwato

Ni ɗan baduku ne. Jar fatar akuyar Sakkwato mahaifina yake ɗinkawa, wadda fatake suka riƙa ketare hamada da ita har Turawa suka sa mata suna fatar Maroko. Ranar da na ce masa hoto nake son koya, bai ko ɗago daga kan basillarsa ba, ya ce, "Wa ka sani a can?" Tambayar nan ta daɗe tana cina, don gaskiya ce.

A garinmu ɗan talaka ba shi da kamara, ba shi da kwamfuta, ba shi da kawun da zai buga waya a ɗauke shi. Ɗan gidan sarauta ko na malamai kuwa yana da kuɗin, amma sai a ce masa bin biki aikin maroƙa ne, ba gadonsu ba. Ƙanena, in kana sahun farko, ga hanyar da na bi.

Fara da wayar da ke hannunka, ka koyi haske kafin komai. Ranar Sakkwato tana da kaifi: daga hantsi zuwa azahar takan zuba baƙar inuwa a ƙarƙashin idon mutum. Fita da sassafe ko bayan la'asar, ka tsayar da mutum a bakin zaure yana fuskantar waje. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, waya ta yi zafi ta tsaya, don haka naɗe ta a farin ƙyalle tsakanin ɗauka da ɗauka. Snapseed, manhajar gyaran hoto a waya, kyauta ce, ta ishe ka gyara na shekara guda.

Sai ka nemi maigida. Je situdiyo a unguwar Mabera ko Runjin Sambo ka ce za ka riƙa ɗaukar jaka da fitila. Amma tun ranar farko, a gaban wani babba naka, ku yi magana: ranar kaza a mako za a zaunar da kai kan kwamfuta. Ni ban yi haka ba, na shekara biyu ina riƙe fitila ban taɓa linzamin kwamfuta ba. Har yau abin yana min ciwo.

Kada ka yi gaggawar sayen kamara. Yi haya ranar aiki, ka sa kuɗin hayar cikin farashinka, ka shiga adashi da ragowar. Mai hali zai ce ka yi masa kyauta, zai tallata ka. Ka ba shi haƙuri cikin ladabi, ka faɗi kuɗinka. Ɗan mai kuɗi na iya aikin kyauta wata shida don abincinsa na gida, kai ba za ka iya ba.

Akwai kuma maganar fata. Sau da yawa in ana neman fuskar talla, fara ake fara nunawa, amare kuma su ce a haskaka su har dangi su kasa gane su. Koyi ɗaukar baƙar fata yadda Allah Ya yi ta: farin kwali a gefen fuska ya dawo da haske, a bar launin yadda yake. Na ga amarya ta yi hawaye da ta ga kanta haka.

Ƙanwata, ke kina da ƙofar da mu ba mu da ita. Wurin sa lalle da zaman mata gidaje da yawa ba sa barin namiji ya shiga, mace mai kamara ake nema.

Kano da Kannywood suna nan, makarantar koyon fim ta ƙasa tana Jos, amma kada ka hau mota sai kana da hotuna ashirin da ba ka jin kunyar nunawa. Na farko a cikin nawa hannun mahaifina ne yana yanka fata. Na wanke shi na kai masa, yana rataye a rumfarsa.